Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Inda Gulutin ke Ɓuya ga Masu Cutar Siliyak

Tambaya: Likita, wata shida ke nan da na bar burodi da taliya, amma gudawa da kumburin ciki ba su rabu da ni ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, sannu da haƙuri. Cutar siliyak ita ce garkuwar jiki ta riƙa lalata hanji idan aka ci gulutin, wani furotin da ke cikin wasu hatsi. Gulutin ba a alkama kaɗai yake ba, yana cikin sha'ir da hatsin da ake kira "rye" da Turanci. Galibin abin da aka rubuta malt a jikinsa daga sha'ir ya fito, ko abin sha ne ko hatsin karin kumallo. Yawancin ruwan miyar waken soya da alkama ake haɗa shi. Wasu dunƙulen ɗanɗano, garin kauri na miya da naman gwangwani ma ana sa musu fulawa. Semolina da kuskus kuwa alkama ce tsantsa.

Sai ki duba kicin ɗinki, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. Man da aka soya abu mai fulawa, rariyar tace taliya, rariyar tankaɗe, wuƙar da ta shafa man shanu a burodi ta koma cikin kwalba da ɓurɓushi, duk suna iya ɗauko miki gulutin. Ki ware naki. Ɗan ƙanƙanin da ido ba ya gani ya isa ya sa garkuwar jiki ta ci gaba da lalata bangon ƙaramin hanji, abin da ke jawo ƙarancin jini da raunin ƙashi. Idan kin gyara duk wannan ba ki ga sauƙi ba, ki koma a sake gwajin jininki.

Tambaya: An rubuta "babu alkama" a jikin kwali. Zan iya ba ɗana?

Amsa: Ba nan take ba, Malam, domin yana iya ƙunsar sha'ir. Ka nemi "babu gulutin". A ƙa'idar Turai da Amurka iyakar gulutin a abinci mai wannan alamar ita ce miligiram 20 a kowane kilo. Hatsin ot ma sai mai wannan alamar, saboda yakan gauraya da alkama a gona da injin niƙa.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini kullum. Ko akwai gulutin a ciki?

Amsa: Kada ka daina sha, don Allah. Ana haɗa ƙwayoyi da sitaci don su dunƙule, kuma galibi na masara ko na dankali ne. Na alkama ba shi da yawa, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙiyasta a 2017 cewa ko an yi amfani da shi, gulutin ɗin bai wuce rabin miligiram a ƙwaya ɗaya ba. Ka karanta takardar cikin kwali, inda aka jera sauran sinadaran. In an ce "sitaci" kawai, ka sa mai ba da magani ya tambayi kamfanin. Duk lokacin da aka canza maka kamfani, ka sake dubawa. Ƙwayoyin ƙarin bitamin da na ganye sun fi buƙatar sa ido.

Tambaya: Ina zargin ina da cutar. In bar alkama kafin gwaji?

Amsa: A'a. In ka bari, sakamakon jini da na ɗan naman hanji zai iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan. Ka ci gaba da cin abincinka kamar kullum har a gama gwajin.