Filin wasa, ɗakin karatu ko hanya: wane ɗan takara zan saurara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zaɓen ƙaramar hukumarmu ya matso, kuma 'yan takara uku ne a gaba. Na farko ya ce zai gina katafaren filin wasa mai ɗaukar dubban 'yan kallo. Ta biyu ta ce za ta gyara ɗakin karatu da ƙananan filayen unguwanni. Na uku kuwa cewa ya yi duk ɓarnar kuɗi ne, hanya da ruwa ne a gaba. Ni uwa ce mai yara huɗu, ba su da wurin wasa sai titi. Ta yaya zan gane wanda maganarsa ke da tushe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Idan kin samu damar yi wa kowannensu tambaya ɗaya tak, ki ce masa: bayan shekara biyar da buɗe wurin, daga wace jaka za a biya mai gadi, mai shara, kuɗin wuta da gyaran rufi? Yadda ya amsa zai nuna miki ko ya zauna ya yi lissafi, ko kuwa zanen gini kawai aka kawo masa ya manna a fosta.

Dalili shi ne, kasafin ƙaramar hukuma kashi biyu ne. Akwai na manyan ayyuka, wanda ake gini da shi sau ɗaya. Akwai na gudanarwa, wanda ake biyan albashi da gyare-gyare da shi duk shekara. Ɗan siyasa ya fi son na farko, don shi ke da ranar ƙaddamarwa da ɗaukar hoto da allo mai sunansa. Na biyun ba ya da biki, kuma sau da yawa nauyinsa kan wanda ya gaji kujerar yake faɗawa. Na taɓa shiga wani zauren al'adu da bai cika shekara shida ba, na tarar kujeru na nan sababbi fil, amma rufi na yoyo, makullin kuma yana hannun wani ma'aikaci da ya daɗe bai ga albashi ba. Ba wanda ya saci zauren. An dai gina shi ne ba a tanadi abin riƙe shi ba.

Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, ya gane wannan tun da daɗewa. Tsakanin 1883 da 1929 an gina ɗakunan karatu 2,509 da kuɗinsa, 1,689 daga ciki a Amurka. Amma ba ya sakin kuɗi sai gari ya bayar da fili, ya kuma yi alkawarin ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara don gudanar da wurin. Ki lissafa: cikin shekara goma, gari ya kashe daidai abin da ginin ya ci. Wannan ma'auni ba doka ba ne, amma har yau ina amfani da shi wajen auna alkawari. Duk ɗan takarar da ya faɗi kuɗin gini, ki ɗauki ɗaya bisa goma na kuɗin, ki tambaye shi inda zai riƙa samo shi.

Mai katafaren filin wasa shi ya fi ba ni tsoro. Kafin gasar Olamfik ta 1976, magajin garin Montreal na ƙasar Kanada, Jean Drapeau, ya bugi ƙirji cewa gasar ba za ta jawo giɓin kuɗi ba, kamar yadda namiji ba zai haihu ba. Sai a 2006 aka gama biyan bashin da gasar ta bari, shekara 30 cif, kuma harajin taba sigari ne ya ɗauki kaso mai yawa. Na san ƙaramar hukumarku ba Olamfik za ta shirya ba, amma cutar iri ɗaya ce: gini ɗaya ya haɗiye kuɗin da zai ishi unguwanni ashirin. Ki tambaye shi kwana nawa a shekara filin zai yi aiki, kuma ko yaranki za su iya shiga su buga ƙwallo ranar Talata da yamma ba tare da tikiti ba. Yawancin irin waɗannan filaye na 'yan kallo ne, ƙofarsu a kulle take sai ranar wasa.

Ba ina cewa babban gini bai taɓa yin amfani ba. A Medellin ta ƙasar Kolombiya, lokacin magajin gari Sergio Fajardo, daga 2004 zuwa 2007, an gina manyan ɗakunan karatu haɗe da wuraren shaƙatawa, aka kuma kai su da gangan cikin unguwannin talakawa da ke kan tsaunuka, inda a da rikici ya yi katutu. Hikimar tana wajen zaɓen wuri. Duk da haka, wanda ya fi suna a cikinsu, Biblioteca España, da aka buɗe a 2007, sai da aka rufe shi a 2015 saboda matsalar gini. Ko aikin da duniya ta yaba bai tsira daga wannan tarko ba.

'Yar takara ta biyu ita hankalina ya fi kwantawa da ita, ba zan ɓoye miki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana. Abin da ake yi kullum kuwa, sai wurin yana kusa, inda yaro zai taka da ƙafa ya dawo kafin duhu. Sai dai kalmar "gyara" tana da faɗi. Fenti ma gyara ne. Ki nemi ta faɗi filaye nawa, a waɗanne unguwanni, wanne za a fara. Sannan ki duba ƙananan abubuwan da ke hana mutane zuwa ko da wurin yana nan: inuwa, fitila, banɗaki mai tsabta, wurin zama na tsofaffi, hanyar shigar mai keken guragu. Fili idan ba a tsara shi ba, samari masu ƙarfi ne ke mamaye shi, 'yan mata da ƙananan yara su koma gefe. Ɗakin karatu kuma, idan ana rufe shi daidai lokacin da ɗalibai ke tashi daga makaranta, to na ma'aikatansa ne kawai.

Shi ma na ukun kada ki yi saurin watsar da shi. Ruwa da hanya ba abin wasa ba ne, kuma ko a ƙasashe masu arziki, idan aljihu ya yi zafi wuraren shaƙatawa ake fara yankewa. A Ingila, dokar 1964 ta wajabta wa majalisun yankuna samar da ɗakunan karatu, amma lambunan shaƙatawa da wuraren ninkaya ba dole ba ne a kansu. Da majalisar birnin Birmingham ta sanar a Satumbar 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, tallafin al'adu na cikin abin da wuƙa ta hau. Inda ɗan takara na ukun ya kuskure shi ne zaton cewa nishaɗi sai da gini. Tun 1974 birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ya fara rufe wasu tituna ga motoci don masu keke da masu tattaki, yau kuma fiye da kilomita 120 ake rufewa duk Lahadi daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana. Haka buɗe filin makaranta da zaurenta ga 'yan unguwa bayan an tashi, ko ba ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da masu sana'ar hannu ɗan tallafi da wurin atisaye. Duk wannan ba ya buƙatar sabon gini.

Akwai alkawari ɗaya da nake so ki karɓa daga dukkansu uku, musamman shi na ukun, don alkawarin ba ya cin ko sisi: ba za a sayar ko a yanka filayen jama'a da suka rage ba. Ginin da ya lalace ana iya tayar da shi. Filin da aka yanka aka yi shaguna ya tafi ke nan.

Kafin ranar zaɓe, ki bincika ko ƙaramar hukumar ce ma ke da iko da wuraren da ake magana a kai, don a ƙasashe da yawa wasu na hannun jiha ko gwamnatin tsakiya, ɗan takara kuwa ba ya jin nauyin yin alkawari da kayan wani. Ki nemi kasafin bara, ki kwatanta abin da aka ware wa wasanni da al'adu da abin da aka saki a zahiri. Wanda ya taɓa zama kansila, ki je da ƙafarki ki ga abin da ya bari a mazaɓarsa. In kuma za a yi taron jin ra'ayi, ki haɗa iyayen unguwarku ku tafi tare, ku tambaya ko za a ware wani kaso da mazauna za su zaɓi aikin da za a yi da shi, irin tsarin da birnin Porto Alegre na Brazil ya fara a 1989. Ku tafi da sunan filin da ya fi kusa da gidajenku, ku nemi a faɗi watan da za a fara aiki a kansa, ɗaya daga cikinku ta rubuta amsar.