Tambaya da Amsa: Ɗakin Mai Gadi na Machu Picchu

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni ƙasar Peru, kuma ina so in leƙa Machu Picchu, tsohon garin nan na mutanen Inka, waɗanda suka mulki ƙasar kafin zuwan Sifaniyawa. An ce mini akwai wani ɗakin mai gadi a can sama wanda ake hango garin gaba ɗaya daga wajensa. Shin ya cancanci wahalar hawa ga mutumin da gwiwoyinsa suka fara ciwo? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ya cancanta, amma kada ka hau da tsammanin ganin katafaren gini. Ɗan ƙaramin ɗaki ne na dutse mai bango uku, gefe ɗaya a buɗe, da rufin ciyawa wanda aka sake yi masa a wannan zamani. Darajarsa tana ga inda aka kafa shi, domin yana saman gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutsen, kusa da inda tsohuwar hanyar Inka take saukowa daga Ƙofar Rana, wata tsohuwar mashiga da ke can saman dutse. Wanda ya tsaya a nan babu mai shigowa ta wannan hanya bai gan shi ba, shi ya sa ake ɗauka wurin gadi ne, ko da yake mutanen Inka ba su bar rubutun da zai tabbatar da hakan ba.

Daga wannan wuri ne ake ɗaukar hoton da duniya ta san garin da shi: gidaje da ɗakunan bauta a ƙasa, fili shimfiɗe a tsakiya, dutsen Huayna Picchu tsaye a baya, ga kogin Urubamba ya kewaye gindin dutsen. A ganina, wanda ya shiga lungunan garin bai fara hango shi daga sama ba, duwatsu kawai zai yi ta gani, ba zai gane yadda aka raba ɓangaren noma da na zama ba. An gina garin ne wajen 1450, a zamanin Sarki Pachacuti, a tsayin kusan mita 2,430, kuma Sifaniyawan da suka ci ƙasar ba su kai gare shi ba. Duniya ta san da shi sosai bayan da Ba'amurke Hiram Bingham ya isa wurin a 1911, sannan UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1983.

Game da gwiwa, mota ce za ta ɗauko ka daga garin Aguas Calientes da ke gindin dutsen zuwa ƙofar shiga cikin kamar rabin awa, daga nan sai matakalan dutse waɗanda ba su daidaita ba, kuma suna santsi idan an yi ruwa. Ka hau a hankali kana hutawa, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa. Abin da ya fi galabaitar da baƙi shi ne ƙarancin iska a birnin Kusko, inda baƙi suka saba sauka kafin su wuce Machu Picchu, wanda tsayinsa ya kai kusan mita 3,400, don haka ka huta kwana ɗaya ko biyu kafin ka fara hawa.

Sai ka lura da tikiti, domin kowanne yana da lokacin shigarsa da hanyar da aka ƙayyade masa, kuma ba a komawa baya. Ka tabbatar naka ya bi ta saman gonakin, ka saya da wuri, ka kuma riƙe fasfonka. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana ɗaukewa, amma ko a lokacin gajimare yakan rufe garin da sassafe, sai hantsi ya ɗaga sannan ya yaye.