Tambaya da Amsa: Na ƙaro rauta ta biyu, a ina zan soka kebul?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna da rauta mai layin SIM a falon Baba, amma Wi-Fi ba ya kaiwa sashenmu da ke bayan gida, don akwai tsakar gida da katangun bulo biyu a tsakani. Na sayi rauta ta biyu, a bayanta akwai kafa ɗaya da aka rubuta WAN da guda huɗu masu LAN. Wane irin kebul zan saya, kuma a wace kafa zan soka shi? Nisan zai kai mita 40. Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka zaɓi jan kebul maimakon 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ƙarin sabis. Bulon siminti da kwanon rufi suna cinye Wi-Fi, ita kuwa na'urar nan ɗan abin da ta tsinta shi take maimaitawa. Kafin komai, duba bayan rautar Baba ka tabbatar tana da kafar LAN, wato kafar da ake haɗa na'urorin cikin gida da kebul, domin yawancin ƙananan na aljihu ba su da ita.

Mita 40 ba komai ba ne, kebul ɗin intanet yana kaiwa mita 100. Nau'in kebul Cat5e ko Cat6, duk wanda ka samu zai ɗauki gudun gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, a wannan nisan. Inda nake so ka buɗe ido shi ne abin da ke cikin robar. Kasuwa ta cika da wanda ake kira CCA, wato alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Yana da arha, amma yana saurin karyewa, kuma ran da ka so tura wa kyamara wuta ta cikinsa zai ba ka kunya. Ka sa mai shago ya fere maka baki, ka ɗauki sili ɗaya ka kankare da reza. In ja ne har ciki, saya. In fari ya leƙo, ajiye masa abinsa ko da ya rantse. A nan ya kamata kuɗinka su tafi, domin rauta ana sauya ta cikin minti biyar, kebul ɗin da aka binne kuwa sai an sake tona.

Don Allah kada ka rataya shi a tsakar gida kamar igiyar shanya. Rana za ta soya robar ta tsattsage, a cikin silin ɗin ɗaki kuma ɓeraye na jira. Zura shi a fayif na roba ka binne, ko ka bi da fayif ɗin jikin katanga. Kada ya shiga fayif ɗaya da wayar wuta. Ka ba su tazarar ko da kamu ɗaya, in dole su haɗu to su gitta juna. Kebul ɗin ya tafi a miƙe guda ɗaya, ba ƙulli, ba haɗi da salatef. Tunda kuma gini biyu zai haɗa, da damina in hadari ya taso da tsawa a zare shi daga rautocin.

Kawunan da ake matsawa a bakinsa sunansu RJ45. Sili takwas ne, kuma jerin da aka fi bi shi ne tsarin B: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Bakin nan biyu su zama iri ɗaya. Kada ka sallami mai aikin sai ya sa na'urar gwaji ka ga fitilu takwas sun kama bi da bi. Sili ɗaya in bai zauna ba, intanet na iya zuwa, amma gudun ya tsaya a megabit 100 kana ta zargin kamfanin layi.

Sai batun kafa. Kafin ka haɗa su, shiga saitin sabuwar rautar da wayarka. In ka ga zaɓin Access Point, wato mai mayar da ita mai yaɗa Wi-Fi kawai, danna shi, ita za ta gyara sauran. In babu, kashe DHCP, wato sashen da ke raba wa na'urori lambar adireshi, domin wannan aikin rautar Baba ce kaɗai za ta riƙa yi. Sannan ka ba sabuwar adireshi a dangin ta farko: in waccan 192.168.0.1 ce, wannan ta zama 192.168.0.2. Daga nan kebul ya tashi daga LAN ya sauka a LAN, a bar WAN, wato kafar da intanet ke shigowa daga waje, a wofi. In ka soka a WAN ba tare da wannan gyara ba, intanet kan zo, sai dai gidan ya rabu biyu: kwamfutar falon Baba ba za ta ga firinta ko kyamarar sashenku ba.

Ka sa wa rautocin biyu sunan Wi-Fi da lambar sirri iri ɗaya don waya ta riƙa kama wadda ta fi kusa. Ka tuna in an ɗauke wuta a falon Baba, ta sashenku ma ba abin da za ta kawo, don haka kowacce tana buƙatar ɗan batirin ajiya. Kuma tunda tona za ka yi, ka zura kebul biyu a fayif ɗin, ɗaya ya zauna a ajiye.