Shawarar Lauya: Na saki sitiyari na yi hatsari, wa doka za ta kama?

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, sana'ata gyaran gidaje. Bara na sayi akori-kura sabuwa mai na'urar nan da ke riƙe mota a layinta ba sai hannunka na kan sitiyari ba. Dilan da ya sayar mini ya ce a babbar hanya ita ke tuƙa kanta. Kwanakin baya da dare ina dawowa gida na kunna ta, sai saƙo ya shigo wayata na sunkuya na duba. Ko kafin in ɗago na afka wa wata mota da ta lalace ta tsaya a layina. Mai motar ya karye a hannu. 'Yan sanda sun ba ni takardar tara, inshora sun ce motata ba ta gyaruwa za su ɗauke ta, lauyan mutumin kuma ya aiko mini takarda. Shin ba kamfanin motar ne da laifi ba, tunda na'urarsu ce ke tuƙi?

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya kiyaye gaba, Ya ba wanda ya ji rauni lafiya. Na cire sunan kamfanin daga wasiƙarka da gangan, tunda maganar na iya kaiwa kotu.

Ba zan ɓoye maka ba, a idon doka kai ne direba a daren nan. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta kasa sarrafa tuƙi matakai shida, daga 0 zuwa 5, kuma na'urorin sakin sitiyari da ake sa wa akori-kura a Amurka, irin su BlueCruise na Ford da Super Cruise na General Motors, a mataki na 2 suke. A wannan mataki na'urar na juya sitiyari, tana ƙara wuta tana ragewa, amma lura da hanya aikinka ne daga farko har ƙarshe. An ba hannunka hutu, ba a ba idonka ba. Shi ya sa aka dasa ƙaramar kamara a gabanka tana bin ƙwayar idonka, in ka kau da kai ta yi maka ƙara. Kamar ɗan koyo ne ka ba sitiyari kana zaune a gefensa: in ya yi ɓarna, kai za a tambaya.

Abin da ya same ka kuma yana cikin sanannun raunin irin waɗannan na'urori. Mota tsayayye a kan hanya, a cikin duhu, kana gudun babban titi, na daga cikin abubuwan da suka fi kuɓuce musu. Dalili shi ne na'urar rada, mai gano abin da ke gaban mota, na ganin abubuwa tsayayyu ba iyaka, da gadoji da allunan hanya da ƙarafunan gefen titi, kuma da za ta taka birki don kowanne da ba a yi tafiya ba. Don haka masu ƙira kan sa ta yi watsi da su in gudu ya yi yawa. A 2024 an yi haɗurra biyu da suka ci rayuka, ɗaya a San Antonio ɗaya a Filadelfiya, duka da dare, inda motocin Ford ƙirar Mustang Mach-E da BlueCruise ke aiki a cikinsu suka afka wa motoci tsayayyu. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, ta buɗe bincike, ta kuma bayyana cewa an tsara na'urar ne ta ƙi amsa wa abu tsayayye idan gudu ya kai mil 62 a awa. Ban da wannan, ga hasken rana in ya daki kamara, ga ruwan sama mai ƙarfi, ga fentin layi da ya goge, ga wuraren da ake aikin titi. Kusan duk wannan an rubuta shi a littafin da aka ba ka tare da motar, kuma shi ne abu na farko da lauyan kamfanin zai ɗora a gaban alƙali.

Ita akori-kura tana da nata ƙarin. In ka ɗaga ta sama, ko ka sa mata tayoyin da suka fi na asali girma, ko ka lafta mata kaya har gindinta ya zauna, ka canza yadda kamara da rada ke kallon hanya. Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan a motarka, ko kana jan ƙaramar tirela a lokacin, ka gaya wa lauyanka tun yanzu, domin ba kowace na'ura aka yarda a kunna ana jan kaya ba.

Sai maganar waya, kuma ita ta fi damuna. Tun watan Satumba na 2017 karanta saƙo ko rubuta shi kana tuƙi laifi ne a Texas, kuma kunna na'urar bai ɗauke maka wannan doka ba. Kada ka goge komai a wayar, kada kuma ka ce wa kowa idonka na kan hanya. Kamfanin waya na da lokacin shigowar saƙon, motar ma tana iya nuna inda kake kallo. Sakaci abu ne da inshora ke biya kullum. Ƙarya da ɓatar da hujja su ke mayar da ƙaramar shari'a babba. A jihar Arizona, bayan motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mai tafiya a ƙafa a garin Tempe a 2018, wadda ke zaune a kujerar direba aka gurfanar, kuma a 2023 ta amsa laifi, alhali waccan motar ta fi taka nisa a sarrafa kanta.

To ko kamfanin ya tsira ke nan? A'a. A watan Agusta na 2025 masu taya alƙali yanke hukunci a kotun tarayya da ke Miami sun ɗora wa Tesla, mai ƙera motoci, kashi 33 cikin ɗari na alhakin wani hatsari da aka yi a 2019 da na'urarta ta taimakon tuƙi, Autopilot, a kunne, aka yanke mata biyan kusan dala miliyan 243. Amma ka lura da abu biyu. Waɗanda suka kai ƙarar su ne waɗanda aka buge da iyalansu, ba direban ba. Sannan ko a wannan nasarar, direban ne aka ba kashi 67, shi ma kuwa wayarsa ce ta ɗauke masa hankali. A Texas duk wanda alhakinsa ya haura kashi 50 ba ya karɓar ko sisi a matsayin diyya. Da labarin da ka ba ni, kai ƙarar kamfanin don a biya ka motarka hanya ce mai wuya da tsada, don sai an ɗauko injiniyoyi su ba da shaida. Inda kamfanin zai yi maka amfani shi ne a ƙarar da za a kai ka: dokar jihar ta ba lauyanka damar nuna wa kotu cewa akwai wani da ke da hannu a ɓarnar, a rage kason da za a ɗora maka.

Maganar dila kuwa ta dogara da abin da za ka iya tabbatarwa. Doka na kama mai sayarwa idan ya faɗi abin da ba gaskiya ba game da kayan, mai saye kuma ya dogara da shi. In ya rubuto maka a saƙo cewa motar na tuƙa kanta, ko akwai wanda ya ji, ka adana. In maganar baka ce kawai tsakaninku, zai musanta, kuma takardun da ka sa wa hannu ranar ciniki za su goya masa baya. Ka duba su ma, don sau da yawa akan sa sharaɗin cewa saɓani sai a gaban mai sasanci, ba kotu ba.

Abin da ba ya jira shi ne motar. Kada ka sa hannu a takardar miƙa ta ga inshora tukuna. Da zarar ka sa, ta zama tasu, za a yi gwanjonta a wargaza ta, hujjarka ta tafi. A cikinta akwai akwatin da ke ajiye bayanan daƙiƙoƙin ƙarshe kafin karo: gudu nawa, an taka birki ko ba a taka ba. Dokar tarayya ta 2015 ta ce waɗannan bayanai na mai motar ne. Lauyanka ya rubuta wa inshora da kamfanin motar cewa a adana motar da duk bayanan da na'urar ta tura, musamman ko ta yi maka gargaɗi, da kuma lokacin da ta yi.

Takardar lauyan wancan mutumin, ka miƙa ta ga inshorarka yau, kada ka amsa da kanka. Wajibinsu ne su ɗauko maka lauyan da zai kare ka. Sai dai ka duba iyakar abin da suka ɗauka. Mafi ƙarancin da Texas ta wajabta shi ne dala 30,000 ga mutum ɗaya da ya ji rauni, dala 60,000 ga hatsari ɗaya, da dala 25,000 na dukiya, kuma karaya da tiyata na iya cinye wannan nan da nan. Abin da ya haura daga aljihunka zai fito. Tunda kuma da motar kake sana'a, ka tabbatar inshorar taka ta ƙunshi amfanin aiki, don wasu na fakewa da wannan su zame.

Takardar tarar ma kada ka yi saurin biya don ka huta. Amsa laifi kai tsaye ana iya kafa hujja da shi a shari'ar diyya. Akwai amsar da mutum ke cewa ba ya jayayya, wadda dokar Texas ta hana a ɗauke ta a matsayin iƙirari a irin wannan shari'a, amma ka bari lauya ya zaɓa maka bayan ya ga takardar. Wa'adin shigar da ƙarar rauni a jihar shekara biyu ne daga ranar hatsarin, kuma ya shafe ka ya shafi wancan mutumin. Ka nemi lauya mai lasisin Texas a cikin makon nan, ka tafi da rahoton 'yan sanda, da takardar inshora, da takardun ciniki, da wayar yadda take.