Ɗakina ya cika maƙil da kaya, ta ina zan fara ragewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Badariya, Birnin Kebbi, a ciki da falo da ɗan kicin a tsakar gida. Shekarata 9 da aure, 'ya'yana huɗu. Kayan ɗakin da iyayena suka yi mini duk suna nan, ga na lefe, ga na yara, har ta kai ko darduma zan shimfiɗa sai na ture wani abu. Ina ganin hotunan ɗakuna a waya fes, babu tarkace, ina sha'awa. Maigida ya ce a ƙaro sif, ni kuma ina tsoron in fitar da kayan jere Inna ta ji ba daɗi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki roƙi maigida ya dakata da maganar sif tukuna, domin lissafin ɗakin ba zai ɗauke shi ba. Yawancin ɗakunan kwana a gidajenmu ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi. Ki ɗauka daɓen tayil 144 ne masu ƙafa ɗai-ɗai. Gado mai katifa shida da shida, idan aka haɗa da katakonsa, yana cinye wajen 45. Sif mai faɗin ƙafa 6 yana zama a kan 12, sannan yana buƙatar wasu 15 a gabansa don a buɗe ƙofofinsa a tsaya. Madubi 6, inda ƙyauren ɗaki ke juyawa 9. An kashe 87 ke nan, saura 57, kuma a cikinsu ne za ki yi salla, ki shirya yara, ki wuce ki dawo. Sif na biyu zai ƙwace wasu 27. Kuma abin da aka sani ne, sabon ma'aji ba ya daɗewa bai cika ba.

Hotunan da kike gani salo ne na taƙaita kaya da ya yi ƙarfi a Japan da ƙasashen Turai. Kada ki ɗauko shi ɗungurungum. Farar kujera da farin kafet ba za su kai mako biyu a hunturun Kebbi ba, balle da yara huɗu. Abin ɗauka a ciki guda biyu ne: kowane abu yana da mazauninsa, kuma tsintsiya tana iya kai wa kowace kusurwa ba tare da an ɗaga kaya ba. Wannan ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗakin kakanninmu gado ne da tabarma da adaka, ƙore suna rataye a ragaya, fitila tana alkuki, ƙasa fayau.

Abin da ke sa aikin ya gagari mata da yawa shi ne suna haɗa kaya iri uku su yi musu hukunci ɗaya. Akwai kayan amfani, akwai kayan da dukiya ce aka adana, kamar turamen atamfa da ba a ɗinka ba, akwai kuma kayan da kunya ce kawai ke riƙe da su saboda wanda ya bayar. Ki fara da na farko, domin babu ran wanda zai ɓaci. Kayan jere su zo a ƙarshe, bayan hannunki ya saba da fitarwa.

Ki zaɓi lokacin rani, mafi kyau daga ƙarshen Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, don abin da ya sha danshin damina ya sami rana. Kada ki zazzage ɗakin gaba ɗaya a rana guda. Masu yin haka la'asar ke riskarsu da tulin kaya a tsakar gida, ga girkin dare, sai su mayar da komai yadda yake. Wuri ɗaya a rana: yau ƙarƙashin gado, gobe saman sif, jibi kicin, na tsawon awa biyu, bayan yara sun tafi makaranta. Ki shimfiɗa tabarma a waje, ki fito da duk abin da ke wurin, ki share ki goge, sannan ki mayar da abin da ya cancanci komawa kaɗai. Ma'aunin shi ne shekara guda cur. Abin da damina da hunturu da bazara, da azumi da Salla biyu suka wuce ba ki taɓa shi ba, ba na amfani ba ne. Dole sai shekara, ba wata uku ba, saboda bargo da rigunan sanyi sai Disamba da Janairu ake nemansu, babbar tukunya kuma sai suna ko Layya.

A tufafi, ankon biki ne ya fi cin wuri, an sa sau ɗaya ko biyu an ninke. Kaya kala 10 zuwa 12 na zaman gida da kala 5 na fita unguwa sun ishi mace mai wanki sau biyu a mako. Sauran masu kyau a ba 'yan'uwa ko a kai wa dillaliya. Turamen da ba a ɗinka ba, da shadda da leshi, su ki riƙe, amma a akwati ɗaya, a naɗe da tsohon farin zane. Kada ki ƙulle su a leda da damina, domin leda tana riƙe danshi har su yi fumfuna. Sau biyu a shekara a fito da su su sha iska a inuwa. Game da kafur da ake jefawa cikin akwati, ki nisanta shi da kayan jariri kwata-kwata: yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani, kuma ƙananan yara kan ɗauka alewa ce. Kowane yaro a ba shi kwando ko aljihun sif guda. Kayan da suka yi wa babba kaɗan, a zaɓi masu ƙwari a ajiye wa ƙaninsa a jaka ɗaya, a rubuta shekarun a jiki.

Tsummokaran da ba su bayuwa suna da aiki. Ki sayi fatar tumtum biyu a wurin dukawa ki cusa su ciki. Kin sami wurin zama ke nan, kin kuma rabu da buhu guda na tarkace.

Wannan ya kawo mu falo. Saitin kujeru mai zaman mutum uku, biyu, ɗaya da ɗaya an yi shi ne don babban falo. A ƙaramin falo ki bar mai uku da mai biyu, ƙananan biyun su fita, tumtum da darduma su maye gurbinsu, don dama baƙinmu mata sun fi son zama a ƙasa. Ki bar hanyar wucewa ta aƙalla ƙafa biyu da rabi daga ƙofa zuwa ƙofa. Kafet mai rufe daɓe gaba ɗaya ma'ajin ƙura ne, kuma yana tayar wa mai asma da ciwonsa. Leda ko tayil da darduma ɗaya da za a iya ɗagawa a kakkaɓe sun fi. Labule shafi ɗaya ya isa, mai wankuwa a baho. Fenti kuwa ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, irin mai ɗan sheƙi da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, domin fari tas yana nuna kowane ɗan yatsa. A bango, abu ɗaya ko biyu: agogo da allon ayatul kursiyyu, misali. Kalandun bikin shekarun baya su sauka.

Kicin ba ya buƙatar dogon tunani. Kula marar murfi, murfi marar kula, robar da ta tsage, gwangwanayen madara, ledoji da kwalabe, duk su tafi. Gida mai mutum shida yana wadatuwa da tukwane huɗu na yau da kullum da babba ɗaya ta taro, kuloli uku, farantai dozin guda. Tsoffin tukwanen alminiyam da ƙarafa kada a zubar, 'yan gwangwan suna aunawa su biya. Ludayi, muciya, matankaɗi da rariya a rataye su a ƙusa. Buhun shinkafa ko gero a ɗora shi a kan katako mai tsayin inci 4 zuwa 6, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, don danshi da gara da ɓera. Wake ya fi zama lafiya a jarka mai rufuwa ruf ko a buhun PICS mai ciki uku. Ƙwayar maganin hatsi irin su Phostoxin kada a kuskura a sa ta a buhun da ke ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi, iskar da take fitarwa tana kisa. Haka jarkar fetur ɗin janareto, ba ta da wuri a ɗaki ko kusa da murhu.

Akwai abubuwan da ba a yi musu gaggawa. Takardun fili, na haihuwa, na makaranta, katin rigakafin yara da katin zaɓe a haɗa su a fayil ɗin roba guda, a sa a sama, ba a ƙarƙashin katifa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san dalili. Takardun da ke ɗauke da ayoyi ba a jefa su bola, a ƙona su a wuri mai tsabta ko a binne. Idan kuma akwai kayan wani mamaci a ɗakin, na magada ne, ba a kyautar da su kafin a raba gado. Ragowar magunguna da suka wuce wa'adi su fita a ranar farko.

To, kayan jere. Da farko, naki ne, ba na maigida ba, ke ce mai hukunci a kansu. Iyaye suna yin jere ne don fita kunya ranar kai amarya, kuma don ya zama abin da 'yarsu za ta jingina da shi in ta shiga matsi. Buƙata ta farko ta biya tun shekara 9 da suka wuce. Ta biyun kuwa kwanuka ba su riƙe ta da kyau: kwanon sha da samira da zarar fentinsu ya ɓantare sai tsatsa ta shiga, tangaran yana fashewa, yayi kuma yana wucewa, abin da dillaliya za ta saya bana ya fi abin da za ta saya nan da shekara biyar. Idan ajiya ake so, tunkiya ko ɗan kunnen zinariya sun fi kabet cike da kwanuka.

Amma kada Inna ta ji labari a bakin dillaliya. Ki je da kanki ki gaishe ta, ki ce ɗaki ya yi wa jikokinta kaɗan, kina neman shawararta a kan kayan. Hanya mafi sauƙi ita ce gudummawa: a dangi ba a rasa yarinyar da ake haɗa wa kayan ɗaki, kuma uwar da za ta ji zafin an sayar da jeren 'yarta, da wuya ta ƙi a ce an kai shi ɗakin ƙanwa ko 'yar ɗan'uwa. Ki bar wa kanki saiti ɗaya da kika fi so, da duk abin da ya fito daga hannun kaka, kamar tasar tagulla, ki jera su a kanta ɗaya inda za a gan su. Guda shida da aka goge sun fi sittin da ƙura ta rufe kyau.

Bayan haka sai tsare ƙofa, don kaya ta nan suke dawowa. Robobi da kofunan da ake rabawa a biki ki bayar tun a makon, kafin su sami mazauni. Sabon ɗinki ya shigo, tsoho ɗaya ya fita. Kada a rataye kaya a bayan ƙyaure ko kan igiya a cikin ɗaki, nan sauro ke laɓewa da rana, kuma garin da ke bakin fadama kamar Birnin Kebbi ba ya rasa shi.

Idan an gama duka har yanzu akwai kayan da ba su da wuri, a nemi sama, kada a taɓa ƙasa. Kafinta ya ƙara wa sif ɗin da ke nan wani hawa har zuwa silin don barguna da akwatuna, ko ya kafa kanta mai faɗin inci 12 a saman ƙofa. A bangon bulo a huda a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a hudar, da sukuru, ƙusa kaɗai tana zarewa in nauyi ya hau. Bangon ƙasa ba ya riƙe kanta mai nauyi, a nan sai mai ƙafafu. Sif ɗin da aka ƙara wa tsawo dole a ɗaure shi da bango ta sama da ƙarfe biyu, a sa masu nauyi a ƙasa, domin yaro na iya taka aljihunsa ya hau ya rinjayo shi a kansa. A bar tazarar inci 2 a bayansa don iska, a riƙa leƙawa da damina ko gara ta fara gini.