Me ya sa maganaɗisu yake karkatar da ilektiron amma ba ya ƙara masa gudu?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. In ilektiron ya shiga filin lantarki sai a ce gudunsa ya ƙaru, in kuma filin maganaɗisu ne sai a ce gudun yana nan yadda yake, alhali duka biyun tura shi suke yi. Ina bambancin yake, kuma yaya zan yi in an haɗa su a tambaya ɗaya?

Amsa: Gaskiyarki 'yata, duka biyun turawa suke yi. Abin da za ki duba shi ne ta wane ɓangare kowanne yake turawa.

Filin lantarki, wato sararin da ƙarfin lantarki ke aiki a cikinsa, ba ruwansa da ko caji yana tsaye ko yana tafiya. Ki goga matajin roba a gashinki lokacin hunturu, ki kai shi kusa da 'yan guntayen takarda. Suna kwance abinsu za su yi tsalle su manne masa. Ƙarfin turawar shi ne F = qE (q yawan cajin, E ƙarfin filin lantarki), kuma yana bin layin filin: caji mai alamar + ya bi inda layin ya nufa, ilektiron kuwa, da yake alamarsa − ce, ya yi baya. Tunda turawar za ta iya faɗowa kan hanyar da yake bi, tana iya ƙara masa gudu ko ta rage.

Maganaɗisu kuwa ɗan sharaɗi ne. Cajin da ke tsaye ko kallonsa ba ya yi, haka ma wanda ke tafiya daidai da layin filin. Sai wanda ya ratsa layukan, kuma in ya ratsa su a gicciye sosai, ƙarfin shi ne F = qvB (v gudun cajin, B ƙarfin filin maganaɗisu). Ga inda amsarki take: wannan turawa kullum daga gefe take zuwa, ba ta gaba ba, ba ta baya ba. Ki ɗaure dutse a bakin igiya ki riƙa juya shi bisa kanki da gudu ɗaya. Igiyar tana jan dutsen ne zuwa hannunki, aikinta kawai ta hana shi miƙewa. Haka maganaɗisu yake yi wa ilektiron, ya lanƙwasa masa hanya ta zama da'ira, tazarar tsakiyarta zuwa bakinta r = mv/qB (m nauyin ilektiron ɗin), gudun kuma bai taɓu ba.

Kafin ki taɓa kalkuleta, zana hoton. Ɗigo a takarda yana nufin filin yana fitowa wajenki, kamar tsinin kibiya, alamar × kuma bayan kibiyar ce tana shigewa ciki. A nan ɗalibai suka fi zubar da maki: dokar hannun dama, wadda ke nuna ɓangaren da maganaɗisu zai tura caji, ta caji mai + ce, in ilektiron aka ba ki sai ki juya abin da hannun ya nuna miki.

Haɗa su biyun kuwa tsohuwar dabara ce. J. J. Thomson ya yi ta a Kambirij ta Ingila a 1897, lokacin da ya gano ilektiron. Ana jera filayen yadda lantarki zai tura sama, maganaɗisu ya tura ƙasa. In ƙarfinsu ya zo ɗaya, qE = qvB, sai q ya fita daga lissafin, a samu v = E/B. A ce E bolt 3,000 ne a kowace mita, B kuma tesla 0.01 (tesla ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Raba su, ki samu mita 300,000 a daƙiƙa. Duk abin da ya shigo da wannan gudun zai wuce sambal, ilektiron ne ko furoton mai alamar +. Wanda ya fi haka gudu maganaɗisu zai rinjaye shi, domin ƙarfinsa ne ke ƙaruwa da v, wanda bai kai ba kuma lantarki ya janye shi gefensa.