Ta ina zan fara sauraron Ɗan Maraya Jos?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wadar Zariya, kuma da waƙoƙin zamani na tashi. Kwanakin baya a wata hira a Samaru na ji ana cewa Ɗan Maraya Jos shi ne mawaƙin talakawa, wanda ya riƙa faɗa wa masu hali gaskiya. Na je kasuwar Sabon Gari aka tura mini waƙoƙinsa masu yawa a waya, galibinsu babu suna, na saurari uku ko huɗu amma ban ji zafin da na yi tsammani ba. Ta ina ya kamata in fara, kuma me zan kasa kunne in ji?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina jin abin da ya faru shi ne ka shiga da kunnen da ya saba da waƙar siyasar yau, wadda ake kama sunan gwamna ko ɗan majalisa a yi masa wankin babban bargo, alhali kuwa Alhaji Adamu Ɗan Maraya ba ta wannan ƙofa yake shiga ba. Kafin ka sake kunna ko ɗaya, ya kamata ka san inda ya fito, domin a nan ne ma'anar abin da ya yi take.

An haife shi a Bukuru a 1946, garin haƙar kuza da ke kusa da Jos, ya kuma rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Mahaifinsa makaɗin fada ne, iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi. Wato mutum ne da ya san kiɗan fada tun daga gida, ya san yadda ake jera wa basarake kirari da ambaton iyaye da kakanni, irin abin da za ka ji a bakin Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa. Amma garin da ya buɗe ido a ciki gari ne na leburori da direbobi da 'yan ci-rani daga kowace kusurwa. Mu mutanen Zariya ma muna da alaƙa da wannan duniyar, domin ƙaramin layin dogon da ya riƙa kwaso kuza daga Bukuru da Jos a nan Zariya yake ƙarewa, har zuwa lokacin da aka rufe shi a 1957.

Saboda haka ka fara da Waƙar Karen Mota, wadda ita ce ta fito da shi, ka kuma saurare ta sau biyu a jere. A karon farko ka bi labarin kawai: yaron da ke bin direba, shi ne mai lodi, shi ne mai sa weji a bayan taya, shi ne mai turi idan mota ta mace, shi ne kuma wanda ba wanda ya damu da sanin sunansa. A karo na biyu ka tambayi kanka wane ne aka saba yi wa waƙa a ƙasar Hausa kafin wannan. Sarki ne, ko attajiri, ko ɗan damben da ya yi kisa a fage, ko manomin da ya cika rumbuna. Ɗan Maraya ya ɗauki wannan girmamawa da ake tanadar wa manya ya ɗora wa yaron da ko lakabin sana'arsa ma zagi ne, kuma a ganina wannan shi ne babban ƙorafin da ya shigar a kan yadda al'umma take auna mutane. Wanda ya tsaya jiran a ambaci sunan azzalumi zai wuce wurin bai lura ba.

Daga nan sai ka nemi Mai Akwai da Babu, inda ya ajiye mai shi da marar shi kafaɗa da kafaɗa yana nuna yadda jama'a ke karɓar kowannensu. Ita ce mafi kusa da abin da ka je nema. Duk da haka za ka lura cewa muryarsa muryar mai nasiha ce, yana tunatar da mai dukiya haƙƙin da ke kansa, yana kuma ba talaka haƙuri, kuma akwai masu nazari da ke ganin wannan ba da haƙurin ya rage wa saƙon kaifi. Ni ina ganin suna da hujja a wani ɓangare, sai dai su tuna cewa waƙar da aka yi da wannan lafazi ita ce take shiga rediyo ta isa kunnen attajirin da ake magana a kansa. Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali tana bin wannan sahu, ana iya haɗa su a zama ɗaya.

Mataki na uku shi ne waƙoƙin aure, kuma nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. A Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da iyaye suka zaɓa wa miji ba da sonta ba, a zamanin da faɗin haka a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. A Jawabin Aure ya bi matsalolin da ke kai ma'aurata ga rabuwa, a Gulma Wuya kuma ya fito da magulmaciyar unguwa da ke haɗa baki da boka tana raba gidaje. Abin da za ka sa wa kunne shi ne yadda mutum ɗaya yake zama taron jama'a: ya yi maganar miji, ya sauya murya ya yi ta mata, ya koma ta tsohuwa, duk da tsirkiya ɗaya a hannunsa. Wasan kwaikwayo ne cikakke, kuma idan kana sauraro kana taɓa waya ko kana hira, zaren zai kuɓuce maka.

Game da waƙoƙin da aka tura maka babu suna, ka sani masu turi a kasuwa sukan cakuɗa mawaƙa a jaka ɗaya, don haka sai ka koyi gane kayan kiɗan. Kuntigi, abin kiɗan Ɗan Maraya, ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, yawanci da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa a rufe da fatar akuya, sautinsa siriri ne mai sauri, kuma mai shi shi kaɗai yake waƙarsa. Idan ka ji kalangu da 'yan amshi, to ka faɗa wajen Mamman Shata. Idan ka ji sauti mai kauri na gurmi, mai yiwuwa Haruna Uji ne na Haɗeja. Ka lura kuma da yadda kuntigin yake maimaita zubi ɗaya idan Ɗan Maraya ya yi shiru, sa'annan ya karkata ya bi karin muryarsa idan ya ci gaba da waƙa. Ta wannan zubin za ka iya gane cewa waƙoƙi biyu da ke wayarka ɗaya ce aka ɗauka a lokuta daban, domin makaɗan baka ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu, kullum sai an ƙara ko an rage.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka don kada ka ji shi daga baya ka ce an ruɗe ka. Ɗan Maraya ba ɗan adawa da hukuma ba ne: ya yi wa sojojin tarayya waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma karɓi lambobin girmamawa na ƙasa. Idan waƙar da ke fuskantar masu mulki gaba da gaba kake so, sai ka koma ga mawaƙan jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, waɗanda suka yi gwagwarmaya a sahu ɗaya da Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba ta nan Sabon Gari. Nasu rubutattun waƙoƙi ne, saboda haka an fi samun su a takarda, kuma tunda kana zuwa Samaru, ka shiga sashen nazarin harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ka tambaya. Su kuwa waɗanda ke wayarka, duk wadda ka gane ka sa mata suna nan take, wadda ta gagare ka kuma ka kai wa wani dattijon direba a tasha ya saurara, zai gaya maka ko wace ce.